Madam da ta rikita kai da ke

Atamfa nake sayarwa a kasuwar Gaya ta bakin iyakar Benin. A kai na fara ɗauko ta daga Malanbil ina tsallako gada, kafin Allah ya ba ni rumfa. Na san yadi, na san mai saye da mai shafawa kawai. Yadda ake raba mutum da giya ne ban sani ba, sai da abin ya zo kan taubashina.

Ɗan kawuna ne, kuma ɗan daudu ne, kowa a gari ya sani. Shi ake kira wunin biki. In masu kiɗan ƙwarya suka zauna, ya ɗaura zane ya yafa gyale ya shiga fili, har tsofaffi sai sun miƙe. Amma bai taɓa shiga ba sai ya kurɓi sodabi, giyar nan ta Benin, da yake zubawa a gorar ruwa ta roba. Da farko kurɓa biyu ce, daga baya ta zama gora guda. A wani biki a Yelu ya taka bakin zanensa ya faɗa kan makaɗa, ya fasa ƙwarya biyu. Daga ranar mata suka daina kiransa.

Ya zo rumfata ya zauna kan dilar atamfa.

"Hajiya, rawa ta guje ni."

"Rawa tana nan inda ka bar ta, bawana. Kai ne ka shige gora."

"Ji mai baƙin baki. Da me kawunki ya haife ni, in ba da rawa ba?"

Wata ungozoma mai sayen kaya a wurina ta ce akwai wata mata da ke zuwa gidan likita daga Doso duk sati biyu, ba ta allura, magana kawai take yi da mutum. Psikolog ake ce mata. Na rufe rumfa na ja shi. Ya sa kaftani da hula kamar mai zuwa ganin gwamna, yana tafe yana mita.

Matar Bazabarma ce, Hausarta ta kasuwa. Muna shiga ta dube shi ta ce, "Ke, zauna nan." Ta juyo gare ni ta ce, "Kai kuma ka jira waje."

Muka fashe da dariya har na dafa ƙofa. Ta gane ta yi kuskure, ita ma ta yi dariya.

"Ku yi haƙuri," ta ce. "Mu a bakinmu 'kai' da 'ke' duk 'ni' ne kawai, mace da namiji. Ku Hausawa kuka raba abin biyu. To, wanne zan ce?"

Shi take tambaya. Mutumin da bai taɓa rasa amsa ba, wanda ke mayar wa ƴan kabu-kabu magana tun ba su rufe baki ba, sai ga shi yana murza hularsa. Can ya ce, "Madam, bar shi yadda kika fara."

Na fita na ba su wuri.

A hanyar gida ya faɗa mini cewa ba a taɓa tambayarsa ba. Masu ce masa "ke" a titi tsokana suke yi. Masu ce masa "kai" a gida da ƙarfi suke faɗa, kamar ana ja masa kunne. Ya ce tsakanin cire kaftani da ɗaura zane akwai wani tsoro da ke kama shi a ciki, sodabi ce ke ƙetarar da shi.

Ba a rana ɗaya aka gama ba. Makonnin farko ya sha wuya, sai da likita ya ba shi magani. Sau ɗaya ya koma ya sha, ya je ya faɗa wa Madam da bakinsa, ba ta yi masa faɗa ba. Ta ce duk lokacin da ƙishin ya taso ya nemi wurin mutane, shi kuwa ya zaɓi rumfata. Goro da shayi ya ƙarar mini, amma ya fi ni iya saida leshi. Mace za ta zo kallo, ya ce mata wannan launin ya fi ƙarfin mijinta, sai ta saya.

Bayan wata biyar wata mai sayen kayana za ta aurar da ƴa a Bengu. Na ce ta kira shi. Ta ce ba ta son abin kunya a gaban dangin ango. Na ce na tsaya masa, in ya faɗi ta daina gaishe ni.

Ranar wuni, a ɗakin uwar amarya, ya ɗaura zane sau uku yana kwancewa. Ƙwarya na tashi a tsakar gida.

"Hajiya, ƙafata ba ta jin kiɗan nan. Ko kurɓa ɗaya..."

Na gyara masa gyale na ce, "Ke, tashi. Mata na jiranki."

Ban taɓa ce mata haka ba sai ranar, kuma tun daga nan haka nake faɗa in muna tare.

Ta fita. Takun farko a sandare yake kamar na soja. Wata tsohuwa ta ɗaga murya, "Yau ba a zuba wa motar mai ba?"

"Inna, yau da rana nake aiki, kamar fitilar sola ta gidanki!"

Fili ya ɗauki guɗa. Daga nan kafaɗa ta saki, ƙugu ya biyo, ta zagaya ta durƙusa gaban uwar ango ta tashe ta. Har la'asar ba ta yi ko tuntuɓe ba.

A mota muna komawa Gaya ta cire takalmi ta ɗora ƙafa kan jakata tana nishi.

"Hajiya, ashe rawa da ciwo? Shekara nawa ina yi ba wanda ya faɗa mini. Kuma makaɗiyar nan ta hagu, wa ya koya mata kiɗa? Yau na fara jin ta."