Shekarar da Baba Ya Ƙera Babur

Ranar wata kasuwar Azare ce, ana tsakiyar cirar gyaɗa, shekarar da nake aji biyu a elementare, Baba ya fito da babur ɗinsa bainar jama'a karo na farko. Ni ce na tura shi tun daga ƙofar maƙera, ina gudu zane na harɗe ni, har injin ya yi tari sau biyu ya kama. Shuɗin hayaƙi ya turnuƙe, jakunan masu itace suka watse, Baba ya yi gaba a miƙe kamar hakimi. Bai gama wuce rumfar mahauta ba sai na ji ƙas, ƙarfen tsakiya ya karye. Babur ya rabu biyu, Baba ya faɗi gefe, ƙafarsa ta katako ta kwance ta gangara cikin kwata. Kasuwa ta ɗauki dariya. Wani mahauci ya ɗaga murya ya ce, "Gurgu ya hau garwa." Na shiga kwatar na ɗauko ƙafar, na goge ta da bakin zanena na kai masa. Ya ɗaura ta yana zaune a ƙasa, bai dubi kowa ba, sannan ya ce, "Uwale, injin ya tashi ko bai tashi ba?" Na ce ya tashi. Ya ce, "To, kama wancan rabin mu tafi gida."

Baba maƙeri ne ɗan maƙeri. Lokacin yaƙin Bama aka ɗauke shi soja, aka sa shi cikin masu gyaran motoci, ya dawo da sanin inji da ƙafa ɗaya. Kafin tafiyarsa, a keke yake cin kasuwannin Yana da Shira da Dambam, da fartanyu da lauje da gatura ɗaure a baya. Da ya dawo, tuƙa keke ya gagara, jaki kuma ya kayar da shi sau biyu har kututturen ƙafar ya yi miki. Sai ya koma zaman maƙera yana jiran manomi ya zo, manoma kuwa suna saye a wajen wanda ya kai musu har kasuwarsu. A gidanmu tukunya ta koma hawa wuta sau ɗaya a yini. Inna tana surfen aikatau, ni kuma in na taso daga makaranta sai roron gyaɗa a gonakin mutane.

A daminar shekarar Baffa Sule, yayan Baba da ke fataucin fata a Katagum, ya zo ya zauna a zaurenmu. Ina bayan zana ina tsince wake na ji yana cewa da kaka zai ɗauke ni in koma gidansa, a rage wa Baba nauyin ciyarwa. Ba mugu ba ne. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, shi ya sa su biyun duk Uwale suke kirana, kuma yana ganin ba zai bar mai sunan uwarsa da yunwa ba. Amma na san in na tafi, karatuna ya ƙare ke nan. Baba ya ce, "Yaya, bari kaka ta wuce. Ni zan zo Katagum da kaina in ba ka amsa."

Injin na wani ƙaramin babur ne na Baturen da ke duba shanu. Babbar mota ta bi ta kansa, jikin ya murɗe, aka yar da shi bayan bariki, kukun Baturen ya bar wa Baba don yakan wasa masa wuƙaƙe. Irin injin nan ne mai bugu biyu, wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai a tanki ɗaya, girmansa bai wuce tukunyar miya ba. Baba ya wargaza shi a kan tabarma, ya wanke kowane ƙarfe da kananzir, ya jera su kamar kayan ɗakin amarya. A jikin tsohon kekensa ya fara ɗora shi, kuma wannan keken ne ya karye a kasuwa, don bai iya ɗaukar jijjigar ba.

Washegarin faɗuwar, maganar mahaucin ta riga ni isa makaranta. Lokacin tara muna carafke a gindin tsamiya, sai wata Ladi 'yar ajinmu ta mayar da ita waƙa, sauran suna amshi da tafi. Na zubar da duwatsuna na kama ta da kokawa, sai da malami ya raba mu. Ya yi mini bulala shida a tafin hannu ya ce in ba ta haƙuri. Na miƙa ɗaya hannun na ce a ƙara, amma haƙuri ban bayar ba. A gida ma haka. Dattawan maƙera suka zo suka ce Baba ya rufa wa kansa asiri, babur na Turawa ne da manyan ma'aikata, ba na mai dukan ƙarfe ba. Ya saurare su har suka gama, ya raka su ƙofa, ya dawo ya hura wuta. Inna kaɗai ce ba ta ce ya bari ba. Abin da takan faɗa in maƙwabta sun zo mata jaje shi ne, "Ƙafa ya rasa, hannuwansa suna nan."

A karo na biyu ya samo mataccen keken dako na kanti, irin mai kaurin ƙarfe, ya yanko ƙarfen tsohon gadon soja ya ƙara masa a ciki, ya liƙe mahaɗan da narkakkiyar tagulla. Mace ba ta shiga maƙera a lokacin, amma ni nake zuga masa zugazugi daga azahar zuwa la'asar, don ɗan'uwana ɗaya tak yana goye. Tankin daga garwar kananzir ya yanko shi. Ya gwada jan ƙafar baya da igiyar fata, ta tsinke sau uku, sai ya haɗa sarƙar keke biyu ya ƙera mata haƙora da magagari, haƙori ɗaya bayan ɗaya, kwana tara yana yi. A gefen hagu ya sa zoben ƙarfe inda zai cusa ƙafar katako kada ta zame. Abu ɗaya ne ya kasa magancewa: injin ba ya tashi sai an tura, shi kuwa ba ya iya gudu. Wannan karon a bayan gari muka yi ta gwaji, inda babu mai kallo sai awaki.

Da aka gama shigar da dawa rumbu muka kama hanyar Katagum da sassafe, ina zaune a baya kan buhun da aka naɗe, na rungume kwalabe biyu na mai. Hanyar yashi ce. Inda ya yi zurfi babur yakan nutse ya mutu, in sauka, Baba ya kwance fulogi ya goge baƙin da ke bakinsa ya mayar, in tura har ya kama, in bi shi da gudu in ɗare. Na daina ƙirgawa a na goma sha ɗaya. Salansa, wato bututun hayaƙi, ta ƙona mini ƙauri, tabon yana nan. A wata ruga mata suka ajiye ƙoren nono suka ruga da jin ƙararmu, daga baya suka dawo suna dariya suka dama mana fura. A bakin kogi masu fito suka yi gardamar ɗaukar abin da ke warin wuta, sai da Baba ya rantse musu ba zai tashi da kansa ba. Rana ta yi sanyi muka shiga Katagum, yara na bin mu a baya.

Baffa yana ƙofar gida yana ɗaure fatu. Baba ya tsaya daidai gabansa, ya kashe inji, ya zare ƙafarsa daga zoben, ya durƙusa ya gaishe shi yadda ya saba. Sannan ya ce, "Yaya, na kawo amsar." Baffa ya zagaya babur ɗin a hankali, ya taɓa tankin, ya gane garwa ce, ya girgiza kai. Ya dube ni, fuskata duk baƙin hayaƙi, ya ce, "Uwale, ke me kika ce?" Na ce, "Baffa, in na zauna nan, wa zai tura shi?" Ya fara dariya, sai kuma ya juya mana baya ya daɗe yana gyara hularsa. Bai sake tayar da maganar ba har ya bar duniya. Da za mu komo, shi ya tuɓe babbar rigarsa ya tura mu.

Daga makon nan Baba ya koma cin kasuwanni. In ina makaranta, duk wanda ke kusa shi ke turawa, har mahaucin nan na taɓa gani ya sa hannu, ban kuwa gaishe shi ba. Na gama elementare, na wuce gaba, na yi shekaru ina koyarwa. Babur ɗin ya yi wa Baba aiki har injin ya cinye kansa, babu abin da za a gyara. Bai ajiye shi don tarihi ba, ya sare ƙarfen ya ƙera fartanyu ya kai Yana.

Yanzu in na zauna a ƙofar gida a Azare, babura ne ke wucewa ba iyaka, duk kamarsu ɗaya, a kwali aka kawo su. Jikana yana da nasa. In ya ƙi tashi sai ya jingine shi ya kira makanike a waya, in makaniken ya ce ba ya gyaruwa, shi ke nan ya yarda. Ba na ganin laifinsa, zamaninsa ya fi namu sauƙi, kuma ina yi masa murna. Amma ina kewar mutanen da ake gaya wa iyakarsu su ƙi yarda.