Allin Baba Sannu

Shekara arba'in Baba Sannu yana kanikanci, bai taɓa gama aiki ranar da aka so ba. Masu gaggawa sun gaji da zaginsa sun koma wajen wasu. Amma in mota ta gagari kowa, garejinsa ake turo ta, tsakanin mai walda da mai facin taya. Matarsa kan ce ko gobara aka yi sai ya tambayi inda ta fara kafin ya ɗebo ruwa.

Wata safiya aka jawo masa motar wani Alhaji mai gona, mai jan ƙafa huɗu. Giyar baya, tukunyar ƙarfen nan da ke raba wa tayoyin baya ƙarfi, ta farfashe karo na uku cikin shekara. Kanikawa biyu sun canza ta, ta sake cinyewa. Alhaji ya riga ya yanke hukunci.

"Direban nan ne, tuƙin hauka yake mini. Ka gyara, ni kuma yau zan karɓi makullina."

Direban yana gefe, dattijo mai 'ya'ya shida, ya sunkuyar da kai. Baba ya dube shi, tausayi ya kama shi. Ya duba birki da kuloci, ya ga ba hannun mai ganganci ba ne.

Bai taɓa sifana ba. Alli ya ciro daga aljihu, ya yi wa tayoyin baya biyu alama daidai inda suka taɓa ƙasa, ya ce a tura motar a miƙe. Alhaji ya yi tsaki, ya duba agogo. Da tayar hagu ta juya sau goma, Baba ya ɗaga hannu. Alamar hagu tana ƙasa, ta dama kuwa saura taki guda ta iso.

"Alhaji, wa ke sayen taya?"

"Ni da kaina. Wadda ta fashe nake canzawa, duk wadda na samu."

"To ka gani. Ɗaya ta fi ɗaya girma. Giyar nan sai wajen shan kwana ya kamata ta yi aiki, amma kun sa ta aiki ko a miƙaƙƙiyar hanya, ga kaya, ga rana. Ko sabuwa goma ka sa, haka za su bi."

 Kowa ya san motoci biyar Alhaji ke kawowa nan, kuma ba ya son a gyara masa magana a gaban mutane. Baba ma ya sani, amma ko muryarsa bai rage ba.

Alhaji ya tsuguna da babbar rigarsa, ya daɗe yana kallon alamar. Da ya miƙe, sai ya juya wajen direban.

"Ka taɓa lura?"

"Na faɗa maka tun bara, ranka ya daɗe. Ka ce taya taya ce."

Alhaji ya kakkaɓe gwiwarsa.

"Riƙe makullinka. Je ka nemo mana guda huɗu iri ɗaya."