Buhun Hoto a Gidan Kaltume

Kaltume 'yar Allakaye ce, amma a Tama ta tsufa. An kawo ta gidan Barmo tana da ƙuruciya, suka zauna shekara talatin da huɗu, damina a gonar gero bisa tudu, rani a fadama wajen dashen albasa. Ta haifi bakwai, ƙasa ta karɓi biyar. Saura Sakina, wadda aure ya kai can bayan Keita, da ɗanta na fari, Mahdi.

Sunan nan bai taɓa fita daga bakinta ba. Haka ta tarar ana yi: ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa, ba a dubansa a gaban mutane. Da aka yaye shi uwar Barmo ta ɗauke shi, ya girma a ɗakin kaka, taki goma daga ɗakin uwarsa. In ya zama dole ta ambace shi sai ta ce "wancan". Mata suka riƙa yabonta, wai kunya irin ta Kaltume ta ƙare a duniya. Yabon ya yi mata daɗi, har ta ƙara a kan abin da al'ada ta nema. Yana ɗan shekara shida kunama ta harbe shi, ya sheƙo da gudu ya riƙe zanenta. Akwai baƙi mata a tsakar gida. Ta ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ta tura shi wajen kaka, ta ci gaba da tankaɗe.

Yana shekara goma sha tara ya tafi biɗa, wato neman kuɗi, Abijan, kamar sauran samarin Adar. Sau biyu ya dawo. Rasuwar Barmo ma saƙon ta'aziyya ya aiko.

Bayan Barmo, 'yan'uwansa suka karɓi garkar albasa ta fadama, aka bar mata 'yar gonar tudu. Hatsin da take samu ba ya kai ta bazara. Sauran shekarar gari ne ke riƙe da ita, ba tare da kowa ya kira abin bara ba. Da kaka masu fitar da zakka sukan jingina mata dami a bakin ƙofa. Maƙwabciyarta Mairamu takan miƙo akushi ta kan danga. In masu rabon abinci suka zo lokacin da rumbuna suka bushe, sunanta yana cikin goman farko. Shekara shida tana haka.

Sai aka buɗe wata butik a Madawa mai karɓar kumandi ta waya. Mutum yana Abijan ko Libiya zai ga hotunan kaya, ya zaɓa, ya biya daga can, a kai wa iyayensa har gida. Mai kai kayan wani magidanci ne, Hafizu, ɗan kabu-kabu mai moto, wato babur, da ƙatuwar tamfol a baya. Dokar butik ɗaya ce: sai an ɗauki hoton mai karɓa tare da kaya, don kada wani ya ce saƙo bai iso ba.

Ranar farko Hafizu ya sha wuya. Abin da aka rubuta masa kawai shi ne "tsohuwa Kaltume, kusa da masallaci". Tama kuwa Kaltume uku ce tsofaffi, masallatai ba a magana. Ya bi gida gida yana oda yana tambaya, kafin ya iso kowa ya san an yi wa wata Kaltume aike. Ƙorama ta kawo ruwa a hanya, ƙwai ya farfashe, mai ya tsiyaye cikin sukari.

"Inna, wa ke gare ki Abijan?" in ji shi. "Hwaɗa min sunanshi in tabbatar ke ce."

Ta kau da kai, ta ja mayafi. "Wancan."

"Wancan wa? Butik ba ta san wancan ba!"

Matan da suka cika ƙofa suka fashe da dariya, su suka faɗi sunan. Ya sauke buhun shinkafa, da bidon, wato jarkar mai, da katon ɗin makaroni, da sardin da mayones. Kaltume ta leƙa ta sake leƙawa.

"Ba hatsi?"

"Hatsi ba shi cikin listi, inna. Ki zamna nan. Aza hannu bisa buhu. Yawwa. Ɗan yi murmushi mana, ba gawa munka kawo ba."

Kafin la'asar hoton ya shiga gurup ɗin waya na 'yan Tama na gida da waje. Mahdi ne ya saka shi, da rubutu a ƙasa: uwa ba ta da na biyu. Addu'o'i suka yi ta zuba.

Abin da ya shigo gida a idon mutane, rabonsa ake yi. Kaltume ta aika wa kowane gida a unguwar da gwangwani biyu na shinkafa, cikin kwana huɗu buhu ya kwanta. Ba ta ji ciwo ba. Shekara shida hannunta na ƙasa, yau ga shi a sama. Ta cika akushin Mairamu da makaroni, ta buɗe sardin a kai, ta miƙa ta kan danga.

"Ki huta da aiko tuwon ga, Mairamu, kin yi ƙoƙari." Sai ta ƙara da cewa, "Naku na Libiya har yanzu shiru?"

Ɗan Mairamu shekara huɗu ke nan ba wanda ya ji ɗuriyarsa. Mairamu ta karɓi akushin, ta yi godiya, ba ta ƙara miƙo komai ba.

Wata na uku, daidai lokacin girbi, Hafizu ya shigo da moto har tsakar gida. Ya jera kaya kamar kullum, ya zaunar da ita, ya ɗauki hoto. Sannan ya sunkuya ya ciccibi buhun ya mayar bisa moto, ya bi da bidon da katon, ya ja tamfol ya ɗaure. Ya miƙo mata baƙar leda: makaroni uku, sardin biyu, sabulu, da ɗan ƙullin sukari.

"Wanga buhu na wani ne a Karofane. Naki ke nan."

"To don mi ka sauke shi?"

Ya share zufa, ya dube ta kamar mai auna ko ta iya ɗauka. Ya gaji, kuma ba shi ya ƙirƙiro abin ba. Ya danna waya. Muryar Mahdi ta fito, ta yi kauri, ta koma irin ta Barmo:

"Hafizu, ka aza ta gaban babban buhu ka ɗauki hoto da kyau, zan ƙara maka na mai. Ita ba ta cin da yawa. Kuma kar ka ji komi, ba ta hwaɗa ma kowa. Matar da ko sunana ba ta iya kira?" Sai dariya, gajeriya.

Hafizu ya ce 'yan Tama na Abijan za su zaɓi shugaban ƙungiya, kuma ba a ba wa wanda ya yar da uwarsa. Kaltume ta tsaya da leda a hannu. Tana iya fita ƙofa a lokacin ta kira mata su gani. Ta tuna akushin da ta mayar, ta tuna yadda ake tashi a ba ta tabarma a gidan suna tun da moto ya fara zuwa.

"In ka zo, ka riƙa shigowa da moto ciki," in ji ta. "Kuma ka ɗaure tamfol ɗin ga da kyau."

Da kakar nan damman zakka suka wuce ƙofarta zuwa wasu gidaje. Ba mugunta ba ce, wa zai kai zakka gidan da shinkafa ke zuwa bisa moto? Da rabo ya daina fitowa daga gidanta kuma, aka ce tsohuwa ta ga daula ta koyi rowa. Ta ji, ta gwammace a ce mata marowaciya. Kowane ƙarshen wata takan yi wanka, ta ɗaura zanen sallarta, ta zauna ta ɗora hannu bisa buhun mutanen Karofane. Har ta iya murmushin ba sai an ce mata ba. Wani watan sardin ɗin ya kumbura, wani watan aka manta sukari aka sako takardar goge hannu. Ba wanda za ta kai wa ƙara, ba ita ta yi kumandi ba.

Hatsinta ya ƙare tun kafin zafi ya tsananta. Ta sayar da akuya, ta sayar da tasoshin aurenta a kasuwar Buza inda ba a san ta ba sosai. Zanen salla ya fara zagaye ta sau biyu. A hoto ba a gani, domin Hafizu ya iya aikinsa, daga gefen buhu yake ɗauka.

Da hadarin farko ya fara haɗuwa, masu rabon abinci suka zo. Aka tara gari a ƙofar mai gari. Yadda ake yi, jama'a ke faɗin gidajen da suka fi ƙuntata, Maiguwa mai rubutun gari yana karantawa, wata ma'aikaciya tana shigarwa a na'ura. Wanda ya shiga zai karɓi hatsi wata uku, har sabon gero ya nuna. Kaltume ta lissafa abin da ke ɗakinta: makaroni ɗaya da rabi.

Maiguwa ya karanto sunayen bara. "Kaltume ta Barmo."

"Wace?" Muryar Mairamu ce daga cikin mata. "Hajiyar moto? A ba ta hatsi ta kai ina, bisa shinkafa?"

Aka yi dariya. Samari suka ɗaga wayoyi, hoto goma, wata goma, ga ta nan da hannu bisa buhu tana murmushi. Maiguwa ya ɗaga alƙalami zai soke.

Kaltume ta miƙe. Ba ta taɓa magana a gaban maza ba. Ta ce, ranka ya daɗe, buhun ba nata ba ne. Ta faɗi tamfol, ta faɗi Karofane, ta faɗi baƙar leda da abin da ke ciki. 

Ma'aikaciyar baƙuwa ce, ba ta san garin ba. Ta ce cikin ladabi, "Inna, wa ke aiko miki kayan? Sai na rubuta sunanshi."

"Ɗana."

"Sunanshi?"

Kaltume ta dubi matan, ko wata za ta faɗa mata kamar ranar farko. Duk suka zuba mata ido. 

"Mahdi," in ji ta. Ya fito da ƙarfi fiye da yadda ta nufa.

Mata suka ɗauki salati. Wata ta rufe baki da mayafi. "Ɗan hwari! Gaban maza! Don tiyar hatsi!" Maganar buhu ta bi iska, abin da ya cika wurin shi ne tsohuwar da aka yi shekara arba'in ana misali da kunyarta ta zubar da ita a ƙofar mai gari.

Mai gari ya ce a kira mai moto a ji. Maiguwa ya kira shi, ya buɗe muryar waya kowa na ji. Hafizu yana kan hanya, iska na kaɗa maganarsa, ga shi da 'ya'ya shida a Madawa da aikin nan ke ciyarwa.

"Ni kowane kumandi hannunta nike sa shi. Ba ga hoto nan ba? In ta raba ma mutane ko ta ɓoye, wannan ba aikina ba ne."

Aka ce a ɗaga hannu. Hannu huɗu suka tashi saboda ita, biyu suka sauka da suka ga ba su da yawa. Maiguwa ya ja layi.

Wani ya ɗauki maganarta a waya tun daga farko, kafin azahar ta isa Abijan. Gari ya jira fushin Mahdi. Da yamma muryarsa ta shigo gurup, a sanyaye, kamar mai shirin kuka. Ya ce kowa ya ji abin da ya faru, kuma wanda ya san Inna ya san da hankalinta ba za ta kira sunansa ba. Tsufa ne ya taɓa kanta. Ya roƙi jama'a su yi mata uzuri, kada a biye mata, kada a yi mata dariya. Ya ce ya dakatar da kumandi tunda kayan na rikita ta, zai nemi wata hanya. Aka yi ta sa masa albarka, wani dattijo ya ce irin wannan haƙuri sai ɗan halak. Sati biyu bayan haka aka zaɓe shi shugaban ƙungiya.

Ƙarshen wata ya zo, moto ya wuce ta bakin gari zuwa Karofane bai tsaya ba. Kaltume ta fara hawa tudu da sassafe tana tsinko 'ya'yan anza, abincin shekarar yunwa, ta jiƙa kwana da kwanaki kafin ɗacin ya fita. Mutane suka koma yi mata kirki. Sukan gaishe ta da ƙarfi, a hankali, su tambaye ta ko ta gane su. In ta ce wani abu sai su ce "to, Inna, to," su dubi juna.

Ranar da ruwa ya kwana biyu yana zuba ba ta iya hawa tudu ba, ta dafa danga ta zagaya ƙofar Mairamu. Ana kwasar tuwon hatsin rabo, ƙamshin miyar kuka ya cika gidan. Ta yi sallama, ta tsaya daga bakin ƙofa.

"Mairamu, yau kwana biyu ban sa komi a bakina ba."

Mairamu ta ɗago ta dube ta, tun daga zanen har ƙasusuwan wuya. Ta daɗe tana dubawa, kuma ta gani sarai. Sannan ta juya wajen matar ɗanta da ke riƙe da mara.

"Allah sarki. Haka suke in abin ya kama su, su ci su manta." Ta ɗaga murya yadda ake yi wa kurma. "Kin ci, Kaltume! Ɗazu kinka ci! Kama ta ki maida ta gida, kar ta hwaɗi cikin taɓo."