Ranar da Baba Ya Ce Ni Ba 'Yarsa Ba Ce

Ni 'yar fari ce, kuma sunan kakata aka sa mini, mahaifiyar Baba, wadda ta rasu ana saura kaɗan a haife ni. Duk wanda ya tashi a ƙauyukan Damagaram ya san abin da hakan yake jawowa. Kunya biyu ce ta haɗu a kaina, ta ɗan fari da ta sunan uwa. Baba bai taɓa kiran sunana ba. Ko ina tsaye a bakin randa, in yana son ruwa sai ya ce da ƙanena ya gaya wa "waccan" ta kawo. Da aka yaye ni aka ba Gwaggo, yayarsa, ta taho da ni birni, gidanta na Kara-Kara inda take soya ƙuli-ƙuli tana sayar da man gyaɗa. Shi kuma yana Gidimuni, yana da lambu a bakin tafki, rake da kabeji da 'yan itatuwan dabino. Mutane suna cewa wannan kunya ce, tarbiyya ce. Na yarda, amma ina ƙarama abin yana yi mini ciwo, kuma da na girma bai daina ba, iya ɓoye shi kawai na yi.

Ina shekara ta biyu a jami'a, ina karatun ƙasar noma da ruwa, aka kafa sanarwa cewa za a tura ɗalibai biyu Maroko su yi zango ɗaya su dawo. Na sa sunana ba tare da na gaya wa kowa ba, sai Gwaggo, ita ma sai da ta ja mini kunne cewa tafiya ba ta son baki. Da sunayen suka fito ni ce ta biyu. A ranar na ɗauka an gama, ashe wahalar ba ta ma fara ba.

Aikin farko shi ne zaɓen darussa. Jami'ar can ta aiko da jerin abin da suke koyarwa, mai tsawon gaske, aka ce kowa ya zaɓa. Shugaban sashenmu, wani mushe, wato malamin boko, mai furfura da ba ya dariya sai a ƙarshen wata, ya zaunar da mu ya yi mana bayani: duk darasin da ka ɗauka can dole ya yi daidai da wani na nan, in ba haka ba ka dawo ka maimaita shekara. Abokin tafiyata bai ɓata lokaci ba, ya tsince masu sauƙi ya tashi. Ni kuwa idona ya faɗa kan wani darasi a kan gishirin da ke cinye ƙasar lambu, na kasa wuce shi. Na san wannan abin da idona. Duk hutun da na je Gidimuni sai na tarar farin kanwa ya ƙara hawa gefen lambun Baba, fangalin da bara ya ba da kabeji bana ko ciyawa ba ta fito ba. Baba yana zuba taki, yana ƙara ban ruwa, abin sai gaba yake yi.

Mushe ya ce wannan darasin ba shi da ɗan'uwa a nan, in ɗauki na lissafi. Na ce ai lissafin muna da shi a gida, ba sai na hau jirgi ba. Ya cire tabarau ya dube ni, ya ce da alama na fi shi sanin aikinsa. Bakina ya sha jawo mini, ranar ma saura kaɗan. Sai da na yi ta sintiri a ƙofar ofishinsa ina ba da haƙuri kafin ya yarda in ɗauki duka biyun, kaya ya ƙaru a kaina, in na faɗi kada in ce shi ne. Na aika zaɓina daga sibar, shagon intanet, bayan an ɗauke wuta an kawo an sake ɗaukewa. Suka amsa cewa sun riƙe mini gurbi a darasin, amma wurin kaɗan ne, in dosiyena, wato kundin takarduna, bai cika ba zuwa ƙarshen mako za su ba wani, tafiyar ma ta koma hannun wadda ta zo ta uku a jerin sunayen.

Na tara komai. Fasfo, takardar haihuwa, ta likita, hotuna, sakamakon jarrabawa. Abu ɗaya ya rage, wanda na raina tun farko: tunda ban cika shekarun da doka ta ce mutum ya mallaki kansa ba, sai an kawo izinin uba, kuma uban ya zo meri, ofishin magajin gari, da ƙafarsa a buga hatimi a gabansa. Na ja Gwaggo muka je, na ce ita ta riƙe ni tun yaye. Aka ce ba sunanta ne a takardar haihuwa ba. Gwaggo ta yi ta faɗa, ta ce ita ta wanke kashina, ita ta kai ni lakol na yi boko, wane ne uban da ya fi ta. Suka saurare ta har ta gama, suka ce a zo da shi.

A nan gabana ya faɗi. Ba ni da bakin da zan kira Baba in ce ya zo ya yi mini abu. Ko a waya muka haɗu, daga sallama sai ya miƙa wa wani. Gwaggo ce ta kira shi, ina zaune ina jin muryarsa ƙasa-ƙasa. Ya ce lokacin dashe ne, ba mai kama masa ban ruwa. Ya ce ai yarinyar tata ce, duk abin da ta yanke ya yi. Gwaggo ta ce masa in bai zo ba ita za ta zo Gidimuni ta ɗauko shi a ka, kamar yadda ta saba goya shi. Ya ce to, in Allah ya yarda. Bai ce yaushe ba.

Kwanakin nan ban san me na ci ba. Duk motar da ta tsaya a bakin layi sai na leƙa. Abokin tafiyata ya riga ya aika nasa, har ya fara tambayar inda ake sayar da rigar sanyi. Ta ukunmu kuma, yarinyar kirki ce, amma duk gaisuwar da ta yi mini sai in ji kamar tana auna ni. Mushe ya tsayar da ni a hanya ya tambaya ko dosiye ya tafi, na ce saura kaɗan, ya ce saura kaɗan ba ya hawa jirgi.

Sai ranar Juma'a, ranar ƙarshe, Baba ya iso, kuma ranar Juma'a da an kusa salla ake rufe ma'aikatu. Ya biyo motar da ta ɗauko rake, hantsi ya riga ya yi, ya sa babbar rigarsa ta idi, ƙafafunsa kuwa da sauran laka a tsagar dugadugai. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa yana kallon Gwaggo. Ko ruwa ban bari ya gama sha ba. Muka tare kabu-kabu, shi a ɗaya, ni da Gwaggo muka matsu a ɗaya.

Meri cike take da mutane, masu takardar haihuwa, masu fotokopi, masu rigimar fili. Muka bi layi ina kallon rana tana hawa. Da aka zo kanmu, ma'aikacin, wani magidanci mai tabon salla, ya karɓi katin Baba ya haɗa da takardar haihuwata, ya duba wannan ya duba wancan. Tunda Baba bai yi karatun boko ba, dangwale zai yi, ma'aikacin ya ce sai ya ji daga bakinsa. Ya nuna ni da biro.

"Malam, wannan yarinyar mece ce a wurinka?"

Baba ya dubi bango. Ofishin da mutane, wasu har sun jingina da tebur suna jira.

"'Yar yayata ce," in ji shi. "Ga uwarta nan."

Na san haka zai ce. Duk rayuwata haka yake cewa, a gidan suna, a gidan biki, a gaban baƙi, kuma kowa ya san abin da ake nufi sai a yi murmushi a wuce. Amma ban taɓa kawo wa raina zai faɗa a nan ba. Ma'aikacin ya ajiye biro. Gwaggo ta fara bayani da ƙarfi, 'yar fari ce, sunan uwarmu ne, kunya yake ji. Ma'aikacin ya ce ya sani, shi ma ɗan fari ne, ba daga sama ya faɗo ba. Amma an sha kawo masa uban haya a wannan teburin don a fitar da yarinya ƙasar waje, kuma yanzu mutum ya faɗa a gaban jama'a cewa ba 'yarsa ba ce. Ba zai buga hatimi a kan haka ba. In 'yarsa ce, ya faɗa, ya faɗi sunanta cikakke, shi ke nan.

Baba ya riƙe bakin rigarsa yana murzawa. Na ga gumi yana bin wuyansa. Wani daga baya ya ce a yi sauri mana, wani kuma ya yi dariya. Can waje an fara jin lasifikar masallaci ana gwada ta. Masinja ya soma rufe tagogi.

Raina ya ɓaci, ɓaci irin wanda ban taɓa ji game da shi ba. Saboda lambunsa na yi rigima da mushe, saboda kanwar da ke cin ƙasarsa na ɗora wa kaina darasin da ba dole ba, ga shi zai zubar da komai don kalma ɗaya. Na buɗe baki zan yi magana, Allah ya taimake ni Gwaggo ta danƙe mini hannu. Ta juya wajensa, ta sassauta murya, ta kira shi da sunan da take kiransa tun yana yaro, ta ce ya faɗa, ba wanda zai mutu. Ya buɗe baki. Na ga leɓensa ya motsa. Sai idonsa ya zo kaina, karo na farko a ranar, ya sake rufe bakin.

A nan na gane. Ba mutanen ofishin ne suka hana shi ba, ba ma'aikacin ba ne. Ni ce. Muddin ina tsaye a wurin ba zai iya ba, ko da za a rufe merin a kanmu.

Kuma gaskiya ita ce ina son in ji. Tun ina yarinya nake son in ji yadda sunana zai fito daga bakin mutumin nan, ga shi yau hukuma da kanta ta matsa shi sai ya faɗa. In na tsaya, wataƙila ya daure ya faɗa in ji, wataƙila kuma a rufe ofis mu koma hannu banza. Ban daɗe ina tunani ba, don ba lokacin. Na ce da ma'aikacin ko dole ne ina wurin. Ya dube ni, ya dubi Baba, ya ce ya riga ya ga fuskata, in jira a waje.

Na fita. Ban tsaya a bakin ƙofa ba, don na san zai ga inuwata. Na wuce har gindin wata bishiyar dogonyaro inda masu buga takardu suke naɗe teburansu, ga injin wuta yana ta ƙara a gefe. Na tsaya nan. Mutane suna ta fitowa da tabarmin salla a hammata. Na ƙura wa ƙofar ido har ta fara yi mini biyu-biyu.

Gwaggo ce ta fara fitowa, tana share ido da bakin mayafi. Baba yana bayanta, babban yatsansa shuɗi da tawada, takardar a hannunsa. Ya zo daf da ni, ya miƙa wa Gwaggo, ita ta miƙo mini. Hatimin yana nan, bai ma bushe ba. Ya ce da ita ta gaya wa waccan ta yi sauri kada a rufe wurin aikawa, shi zai wuce masallaci daga nan ya nemi mota, ya bar dashe ba ruwa. Na durƙusa na ce Allah ya saka da alheri. Ya ce amin yana kallon titi.

Na samu sibar a buɗe, na aika, suka amsa kafin la'asar. Na tafi Maroko, na yi darasin gishirin, na yi na lissafin ma, da ƙyar na tsallake shi.

Da yamman ranar, muna zaune Gwaggo tana murza ƙuli, na tambaye ta yadda aka yi. Ta ce ina fita ya gyara tsayuwa, ya ce 'yarsa ce ta cikinsa, ita ce babba, ya faɗi sunan tun daga farko har ƙarshe, da ƙarfi, har na bayan layi suka ji. Ma'aikacin bai nemi ya maimaita ba, shi ya maimaita da kansa. Na ce yaya ya faɗe shi, da wace irin murya. Gwaggo ta gwada, ta sake gwadawa, ta ce a'a, ba haka ba ne, ita ba za ta iya ba.

Masu rigimar fili sun ji, masinja ya ji, mutumin da ya yi dariya ma ya ji. Ni ina gindin dogonyaro, kusa da injin wuta.