Kawu Bitrus da Allon da Ke Cin Gefe

Ku da kuka san Kawu Bitrus kun san ba ya gaida mutum sai ya fara gaida kwamfutarsa. Zai shiga ofis ko shagon wani, ya tsaya ƙyam gaban allon, ya ware yatsu yana kaɗa su kamar mai korar ƙuda, sannan ya girgiza kai ya ce, "Sittin. Kai! Ana zaluntar idon talaka." Sai bayan nan zai juyo ya ce ina kwana.

Ga waɗanda bai taɓa zaunarwa ya yi musu bayani ba, kuma ku gode wa Allah, ga abin da yake nufi. Allon kwamfuta ba hoto ɗaya yake riƙewa ba, sake zana shi yake yi sau da yawa cikin sakan guda. Yawanci sau sittin ne daga kamfani. Shi Kawu, tsohon saje na sashen sigina, ya yi imani kowane allo zai iya fin haka, ragwanci ne kawai ke damunsa, irin na kurtun da bai sha horo ba.

Ni ce Rahila, ɗiyar ƙanwarsa. An ce in rubuta wani abu a ɗan littafin cikarsa shekara guda da rasuwa, don ni na fi kowa zama a shagonsa na buga takardu. Gaskiya ne, kuma har yau in na tuna sai in ji gajiya a kafaɗuna. Amma ba don koyon aiki aka kai ni can ba. Lokacin wani dogon yajin aikin jami'a ne, ina gida Zuru ina cin littattafai, sai Mama da matarsa, Mama Laraba, suka kira ni ɗaki. Kawu ya fara karo da bakin ƙofa. Yana shure buta. Mutum zai tsaya a hagunsa ya gaishe shi, sai ya yi ta waige yana neman mai magana. Wata tsohuwar nas a ikilisiyarmu ta ce tana tsoron hawan jinin ido ne, ciwon da ke cin gani daga gefe, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Duk wanda ya ambaci asibiti, Kawu sai ya kore shi da ihu.

"Ke kaɗai yake jurewa, don ba ki da surutu," in ji Mama. "Ki lallaɓa ki gaya masa."

Wai ni! Ni da ɗan kabu-kabu zai wuce ƙofar gidanmu da ni, in kasa cewa ya tsaya.

Ranar farko ya miƙo mini littafin rubutu da biro. Aikina in rubuta kowace lamba da muka gwada. Ba ya tsalle, ɗaya bayan ɗaya yake hawa: sittin da ɗaya, sittin da biyu, sittin da uku. Duk lambar da ya sa, allon zai yi baƙi na ɗan lokaci. In ya iya ɗauka, hoto ya dawo, kwamfuta ta tambaya ko a bar shi haka. In ya fi ƙarfinsa, sai ya zauna baƙi, kwamfuta ta jira sakan goma sha biyar, in ba wanda ya taɓa komai ta mayar da shi yadda yake a da. Waɗannan sakan goma sha biyar su ne faretin Kawu. Miƙewa yake yi, hannu a baya, ya ƙirga da muryar bariki, ba mai motsi, ba mai tari.

Wata rana muna kan saba'in da shida, Malam Umaru tela na shagon kusa ya leƙo, awo rataye a wuya.

"Saje, mi ya hwaru? An ɗauke wuta?"

"Shiru! Tara! Goma!"

"To ai ga hwanka na juyawa."

"Umaru, ka fita mini daga layi! Sha ɗaya!"

Malam Umaru ya sunkuya don ya duba da kyau, ya dafa tebur, gwiwar hannunsa ta sauka kan babban maɓalli. Shi ke nan, ya amsa wa kwamfuta cewa a bar shi haka. Kawu ya kai sha biyar, ya kai talatin, ya kai sittin, baƙin nan na nan. Ga mutum huɗu a benci suna jiran a buga musu takardun jarrabawa, ɗaya tun daga Kanya ya taso. Sai da na je ofishin sakataren ikilisiya na aro wani allo, na rungumo shi kamar tukunya cikin rana, sannan muka ga abin da muke yi muka warware.

Mutumin Kanya ya ce, "Baba, wancan ya mutu ke nan?"

"Mutuwa? Suma ya yi. Soja na suma a fareti, ka zuba masa ruwa ya tashi. Gobe za mu koma saba'in da shida."

Kuma mun koma.

Tsimi kuwa, kun san shi. Wayar da ke haɗa allon da kwamfutar, mai shuɗin kai ɗin nan, ta girme ni. Allura ɗaya a bakinta ta lanƙwashe, shi ya sa in ta ga dama komai sai ya koma ruwan hoda. Na rubuta masa a takarda, don na kasa faɗa da baki, cewa sabuwar waya za ta fi ɗaukar abin da yake nema. Ya karanta, ya ninke, ya ce, "Rahila, wayar da ta yi aiki shekara ashirin da ɗoriya ba a sallamar ta, ƙarin girma ake yi mata." Ya aika aka karɓo hantsakin Malam Umaru ya miƙe allurar.

Daga nan ya ce allon ya fara ƙanƙance rubutu don mugunta. Maganinsa shi ne ya rage yawan ɗigon hoton, don in ɗigo ya yi kaɗan komai sai ya yi girma. Matsalar, allon mai faɗi ne, shi kuwa ya zaɓi awon tsofaffin alluna masu kusan murabba'i. Sai hoto ya miƙe hagu da dama. Da'ira ta koma ƙwai. Mutum ya koma randa.

A makon ne zumuntar mata suka kawo hotuna a buga musu takardar bikinsu. Kawu ya buɗe hoton shugabarsu, Mama Saratu, ya ja da baya.

"Kai! Mai hoton nan ba shi da tsoron Allah. Ya ƙara wa matar mutane buhu biyu."

Na buɗe baki in ce ba hoton ba ne, allon ne. Abin da ya fito shi ne, "Kawu, ko..."

"Ko me?"

"Ba komai."

Ya kama hotunan ɗaya bayan ɗaya yana matse su daga gefe har suka yi daidai a idonsa, mata goma sha biyu. Injin bugawa kuwa bai san da zancen allo ba, abin da aka ba shi ya fitar. Ranar Lahadi aka raba takarda. Wayyo! Kowace mace ta fito kamar karan dawa bayan girbi, wuya zalau, ɗankwali tsaye. Wata tsohuwa ta duba hoton Mama Saratu, ta tambaya da C'lela, yarenmu na Zuru, tun yaushe take kwance ba a gaya wa mutane ba. Bayan sujada suka yo shago a jere. Kawu ya tsaya bakin ƙofa, ƙirji waje.

"Na'ura ba ta ƙarya! Abin da kuka kawo na buga!"

Cikin matan zumuntar, Mama Laraba kaɗai ta ƙi shiga faɗan. Ta daɗe tana kallon nata, sannan ta ce, "Ni dai a bar mini nawa haka. A buga mini babba."

Kun yi dariya a lokacin, ni ma na yi, a bayan gida inda ba mai gani. Amma duk yamma Mama za ta tambaye ni, "Kin gaya masa?" In ce gobe.

Sai ya zo da sabon ƙorafi: allon na cin gefe. Agogon da ke kusurwar ƙasa ya ɓace, in ji shi. 'Yan alamomin da ke jere a hagun allon sun gudu. Ya shiga ƙirƙirar awo nasa na kansa, yana tattaro hoton zuwa tsakiya, baƙin fili na kewaye shi. Ni ina rubutawa. Ni ina ganin agogon sarai, yana nan inda yake. Bayan mako uku ya ce cin ya ƙaru, ya sake tattarowa. Na buɗe littafina na bi shafi shafi, na ga hoton na tsukewa wata bayan wata, musamman daga hagu. A ƙarshe babban allon nan ba abin da ke cikinsa sai wani ɗan fili kamar bangon littafin waƙoƙi. Wata biyar ke nan ina riƙe da biro, na auna ciwon mutum daidai wa daida, ban ce uffan ba.

Ranar da ya ce zai je Kontagora ya kai ƙarar wanda ya sayar masa da allon, sai na ji bakina ya buɗe da kansa.

"Kawu, a sigina, in layi ya lalace, ya kuke gano inda laifin yake?"

Ya gyara zama, don tambaya ce irin wadda yake so. "Canji ɗaya ɗaya! Ka canja waya, ka gwada. Ka canja batir, ka gwada. Abin da ka canja laifi ya tafi, shi ne mai laifi."

Na ce to mu yi. Na mayar da hoton ya cika allo. Na aro sabuwar waya, ya ce gefe a cinye yake. Na sake rungumo allon sakatare, ya ce shi ma ɗan gidansu ne. Na kawo kwamfutar ƙawata ta hannu, ya ce duk kamfani ɗaya ne, ɓarayi. Sai na ce, "Saura abu ɗaya ba mu canja ba."

"Me?"

"Mai kallo."

Na kira Malam Umaru ya zauna a kujerar Kawu. Na ce ya karanta abin da ke kusurwa.

"Ƙarhe sha ɗaya da minti bakwai. Ga wani ɗan kwando nan ga hagu, sama. Saje, wanga ne kaka cewa ya ɓace?"

Kawu ya matso gaban allon. Ya rufe idon dama da tafin hannu, ya kalli allon. Ya daɗe a haka. Sannan ya sauke hannun ya ce, "Gwaji ya yi. Rubuta." Na ce in rubuta me? Ya ce, "Laifi na wurin mai aiki. A kai shi gareji."

A asibitin ido a Sakkwato ma sai da ya ba mu kunya. Aka sa kansa cikin wata na'ura, aka ba shi maɓalli, aka ce duk lokacin da ya ga ɗigon haske ya danna. Sai ga shi yana dannawa tas, tas, tas, babu kuskure a lokaci. Likitar ta leƙo ta ce, "Baba, ai na tsayar da hasken tun ɗazu."

"Na gane takunsa ne, 'yata. Ban ga dalilin jira ba."

Aka sake daga farko. Idon hagu ya riga ya tafi, saura kaɗan. Na dama an same shi da sauran rabi, aka ba shi maganin ɗigawa safe da yamma har iyakar rai. Likitar ta tambaya yaushe aka fara lura. Mama Laraba ta kalli ƙasa. Ni na san amsar har da rana, tana cikin jakata. Likitar ta ce da an zo da wuri da an tsira da fiye da haka, ta faɗa a hankali, ba da faɗa ba, ta ci gaba da rubutu.

A mota muna dawowa na yi ta kuka shiru, fuskata a taga. Mun wuce rabin hanya sai na ji ya taɓa ni da sandarsa.

"Ke, wa ya mutu? Rabin ido ai ido ne. Na yi aiki da rediyon da bai kai haka ba."

Da rabin nan ya yi shekara uku. Da shi ya ga ranar da na gama jami'a, ya ce hular ta karkace. Da shi ya ga jikarsa ta fari, ya juya kai a hankali daga goshinta zuwa ƙafa don ya haɗa ta duka. Bai taɓa tsallake ɗigon magani ba ko sau ɗaya, kuma bai taɓa tambayata me ya sa na yi wata biyar ban yi magana ba. Zuciya ce ta ɗauke shi da damina, yana zaune ƙofar gida bayan an dawo daga gona.

Ya gajiyar da mu, Allah ya sani. Amma shagon ya yi shiru da yawa yanzu, har Malam Umaru ya ce keken ɗinkinsa ya fara ba shi tsoro.

Ubangiji ya ba Kawu Bitrus hutawa, ya ta'azantar da Mama Laraba da 'ya'yansa. Ni kuma ya gafarta mini watannin nan biyar, ya ba ni bakin da zan faɗi abu tun yana da amfani. Amin.