Ranar da Na Yi wa Ɗan Alade Allura

Shekaru sun ɗan ja, kuma ban amince da ƙwaƙwalwata sosai ba. Wataƙila na haɗa ranaku biyu na mai da su ɗaya.

A kwalejin da muka koyi kiwon lafiyar dabbobi a Mubi, akwai wani tsari da mu ɗalibai muka yi wa kanmu. Ranar Juma'a Kiristoci ke ba dabbobi abinci, ranar Lahadi mu Musulmi mu karɓa. Ɗakin aladu kuwa, can ƙasa wajen mayo, wato rafi, nasu ne kullum, mu kuma mu share musu garken awaki. Ba wanda ya taɓa yin ƙorafi, a iya sanina.

A zangon ƙarshe malaminmu ya ce jarrabawar aikin hannu ba musaya. Kowa zai yi wa ɗan alade allurar ƙarin jini, wanda ya ƙi sai ya maimaita shekara. Mahaifina ya riga ya gaya wa dangi bana zan gama. Na kasa cin abinci.

Na je unguwar Lamorde wurin malamin da ya koyar da ni karatu tun ina ƙarami. Abin da na fahimta daga bakinsa shi ne ci aka hana, dabba mai rai kuma tana da haƙƙin magani. Ba fatawa nake bayarwa ba, mai yiwuwa ban riƙe maganarsa daidai ba. Duk da haka zuciyata ba ta kwanta ba.

Ran jarrabawa na sa safar hannu biyu, ɗaya kan ɗaya. Abokin aikina, ɗan tudun Michika, ya dube ni.

"Ustaz, tiyata za ka yi?"

"Riƙe shi dai da kyau."

"Na riƙe. Shi ma tsoronka yake ji, bai taɓa ganin gemu a nan ba."

Ɗan aladen ya yi ta tsala ihu. Da na dafa cinyarsa sai na ji ɗumi, yana rawa kamar kowane ɗan akuya da na taɓa riƙewa. Ban yi tsammanin haka ba, ko da yake ban san me na yi tsammani ba. Na soka allurar, na zare. Malamin jarrabawar ya gyaɗa kai, ya kira na gaba. Na wanke hannu har sabulu ya kusa ƙarewa.

Na gama a shekarar. Yanzu in mata suka kira ni daga ƙauyen Betso kan aladunsu ba sa cin abinci, nakan hau babur in je. Safar har yau biyu nake sawa.

Wasu 'yan ajinmu na cewa a wuya aka yi allurar, ba a cinya ba. Duk wanda ya tsaya a ɗakin nan ranar, in ya ga na kauce, don Allah ya aiko mini da gyara.