Muryar Kaka a Tsohuwar Kwamfuta

Yayana ne ya fara kawo kwamfuta gidanmu a Ƙaraye, wata mai ƙaton kai da ya saya hannun mai shagon buga takardu. Ɗokinta ya sa duk wanda ya shigo sai ya miƙa masa makirfo. Haka ya yi wa kakarmu lokacin da ta zo daga garin Fulatan jinyar ƙafa. Ya yi ta lallashinta har ta rera masa waƙar da take yi da Fulatanci idan tana kaɗa nono. Daga baya ya samu aiki, ya sayi sabuwa ƙarama, aka lulluɓe tsohuwar da zane.

Bayan rasuwar Kaka, Inna mahaifiyarmu ta ce tana son waƙar nan a wayarta.

Mun zaci aikin ɗan lokaci ne. Muka kakkaɓe kwamfutar, muka jira aka kawo wuta. Ta tashi da ƙyar tana gurnani, kuma waƙar na nan. Amma da Yaya ya soka mata filas ɗinsa, ko kallonsa ba ta yi ba. Sai na hau babur zuwa Rogo wajen wani mai gyaran waya, ya ara mini tsohon filas daga cikin tarkacensa. Wannan ta karɓa. Muka kwafe waƙar, muka kai wa sabuwar, ita kuma ta ce ba ta san irin wannan fayil ba. Manhajar da aka yi naɗin da ita ta daɗe da daina aiki. Yaya ya juya shi ta nan, ya juya ta can, ba abin da ke fitowa sai shuuu kamar ana zuba gero a kwano.

Na ga ransa ya ɓaci ƙwarai. Shi ne ya yi wa Inna alkawari, kuma kullum da safe idan mun je gaishe ta sai ta tambaya.

A ƙarshe ya haƙura. Ya ƙure ƙarar tsohuwar, ya jingina wayar Inna da lasifikar kwamfutar don ya naɗi waƙar, ya ce kowa ya yi shiru. Duk da haka kukan akuyar maƙwabta ya shiga ciki.

Inna ta saurara a tsakar gida, ta kara wayar a kunne. Ba ta yi kuka ba. Da waƙar ta ƙare sai ta yi murmushi ta dubi Yaya ta ce, "Ai ta tsallake baiti guda. Wanda ake ambaton miji ne, kunyarka ta ji."

Yaya ya ce, "To Inna, ki rera mana shi mu haɗa."

Ta harare shi, ta ce ita ma tana da tata kunyar. Ta ɗauki wayarta ta shige ɗaki. Muna mayar da kwamfutar muna jiyo waƙar ta sake farawa, Inna na bin ta a hankali.